Kada A Taɓa Soron Madugu

Kwana biyar ƙasar ta yi a jiƙe. Husaina ta sa an sauke mata amalanke biyu na jar ƙasa a tsakar gida, ta zuba ƙaiƙayin gero da kashin shanu, ta naɗe zani zuwa gwiwa ta shiga tana takawa safe da yamma, har ƙasar ta fara warin nan da magina ke jira. Haka take yi kowace bazara tun rasuwar mahaifinsu. Ita ke kwaɓawa, Sidi magini ya hau bisa ya toshe tsagogi, ya daɓe rufin, ya buɗe bakin indararo, sannan damina ta zo ta yi abin da ta ga dama.

Gidan a tsakiyar Tanut yake, bakin tsohuwar kasuwa. Kakansu Madugu Ismail ne ya gina shi a zamanin da ayarin gishiri ke saukowa neman geron Damargu. Yanzu shagunan siminti sun matse shi ta ko'ina, kuma cikin ɗakuna tara, uku ne suka rage a tsaye: zaure mai zane a goshi, da turakar Madugu, da ɗakin Inna Tata. A ɗakin nan na ƙarshe Husaina ke kwana da mahaifiyarta, tsohuwa da idanunta suka rufe, ƙafafunta suka daina ɗaukar ta shekara uku ke nan.

Ranar Alhamis da hantsi Sidi ya jingina tsani. Ya taka mataki biyu, ya buɗe baki zai yi kiran da ake yi kafin a hau soro don matan maƙwabta su kintsa, sai ga sallama daga zaure. Falalu ne, yayan Husaina, ma'aikaci a Damagaram, da takarda a hannu.

"Sauko, Sidi," in ji shi.

Ko zama bai yi ba. Ya leƙa ɗaki ya gaida Inna a tsaye, ya fito ya buɗe takardar a gaban Husaina, alhali ya san ko harafi ɗaya na Faransanci ba ta ganewa. Ya ce wata ƙungiya ce mai kula da tsofaffin gine-gine za ta zaɓi gidaje uku a jihar nan ta gyara, shi kuma ya kai dosiye, wato takardun gidansu, ya sa hannu. Daga yau ba mai taɓa ko da bango ɗaya sai masana sun zo daga Yamai sun gani da idonsu.

"Yaya, yaɓe ne kawai," in ji Husaina. "Wanda muke yi kullum."

"Shi ne babban abin da aka hana. In kika shafe tsagar nan, me za su zo su gani? Wa zai gyara gida lafiyayye?"

"Hadari ya fara haɗowa ta gabas fa."

"Wata ɗaya ne. Kafin ruwa ya zauna sun zo sun tafi."

Ya juya ga Sidi, ya sassauta murya. Ya ce idan furoje, wato aikin gyaran, ya sauka shi ne shugaban magina, aikin shekara guda cur. Amma takarda takarda ce, duk wanda ya ɗora hannu a ginin nan kafin lokaci, shi da jandarma. Sidi mutum ne mai iyali. Ya dubi kwaɓaɓɓiyar ƙasar, ya dubi Husaina, ya saɓa tsaninsa ya fita yana ba da haƙuri.

Husaina ta ce to a ba ta makullin turaka, tunda rufinta da sauran ƙarfi, ta mai da Inna can. Falalu ya girgiza kai. Tun bara ya jera kayan Madugu a ciki, sirdin raƙumi da tsofaffin akwatuna da tiyoyin awon gero, ya garƙama kwaɗo.

"Ɗakin da baƙi za su shiga? Ke ma kin san yadda ɗakin mai jinya yake."

"To ka tafi da ita Damagaram har damina ta wuce."

"Ba ki fahimta ba, Husaina. Gidan da ake zaune a ciki suke so, ba kango ba. Na rubuta musu cewa surukar Madugu tana nan da ranta a ɗakin da aka kawo ta amarya. Wannan ne ya fi komai ƙarfi a dosiyen."

Da la'asar ya hau mota ya koma gidansa mai rufin kwano, inda ruwan sama ba ya tada hankalin kowa.

Da Husaina ta shiga da kunu, Inna ta karkata kai wajen rufi. Tun da idanunta suka rufe, da kunne take lissafin shekara. Kiran Sidi, da takunsa a bisa, da bugun madaɓi, su ne ke gaya mata damina ta kusa kuma gida ya shirya.

"Ban ji kiran Sidi ba. An hau bisa bana?"

"Gobe, Inna."

Kwana goma sha biyu bayan nan ruwan shuka ya sauka. Gari ya yi murna, mutanen Gangara da Falanko da suka zo kasuwa suka watse da wuri don su je su shuka. Husaina kuwa tana tsaye a tsakar gida tana kallon indararo. Maimakon ya feso ruwa, ɗiga yake yi, domin ƙasa da sheƙar tsuntsu sun cushe shi. Ta san ma'anar wannan sarai. Ruwan da bai sauko ba yana kwance a bisa, yana neman hanya ta cikin ɗaki.

A ruwa na biyu ya samu hanyar. Ta sa tasa. A na uku ta ƙara bokiti da roba, ta ja gadon Inna zuwa kusurwar yamma. A na huɗu kusurwar yamma ma ta fara zufa.

Ta kira Falalu a salula. Ya ce yana cikin taro. Ta sake kira washegari, ya ce masanan sun ɗaga tafiya da mako biyu, motarsu ce ta lalace. Bayan mako biyu ya ce hanya ba tsaro, ana jiran izini. Wata rana ma haushi ya kama shi.

"Shekara nawa ginin nan yana tsaye? Kusan ɗari. Sai bana da na nemo mana alheri ne zai faɗi? Ki daina ɗaga mini hankali."

Ta so ta ce masa ai ba shi kaɗai ya tsaya ba, hannu ne ke tsayar da shi kowace shekara. Kafin ta haɗa maganar ya kashe.

Ta sa mayafi ta tafi wajen Baffa Ahmadu, ƙanen mahaifinsu, wanda shi ne babba da ya rage a dangi. Ya saurare ta yana jan carbi, ya yi ta gyaɗa kai har ta gama.

"Gaskiyarki ne, 'yata. Amma Falalu shi ne namiji, shi ya yi karatu, shi ya san abin da takarda ta ƙunsa. Sunan kakanku zai shiga littafin hukuma, kina so a ce ke kika ɓata? Ki yi haƙuri. Rai a hannun Allah yake."

Wallahi wannan kalma ta haƙuri ta sha wahala a bakin mutanen da ruwa ba ya zuba a kansu. Husaina ta yi godiya ta tashi, don ba a musu da baffa.

Daga nan ta bi ta gidan Sidi. Ta ce ba yaɓe take roƙo ba, ya hau kawai ya zura sanda a indararo. Sidi ya kasa haɗa ido da ita.

"Husaina, ni ma abin yana ci mini rai. Amma in na hau sai na yi kira, in na yi kira unguwa ta ji, in unguwa ta ji Falalu ya ji. Kin ji abin da ya ce."

Don haka ita ta hau. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, ta aro tsanin mai shagon kusa, ta sayi leda mai faɗi, ta hau da tsakar rana lokacin da maza ke masallaci, Inna kuma na barci. Tsakiyar rufin ta lotsa kamar tsohuwar ƙwarya, ruwa kore kwance a ciki, tsaga ta taso daga rawanin soron ta gangara har inda hannu ke shiga. Ta buɗe indararo da muciya, ta kwashe ruwan da kwano, ta shimfiɗa ledar ta danne da duwatsu. Ƙasar da ta kwaɓa tana nan a ƙasa, taku goma daga gindin tsani, amma ba ta yi ƙarfin halin ɗibar ko dunƙule ɗaya ba. Leda ana iya cirewa a ce ba a taɓa ba.

Ledar ta yi kwana tara. Ranar Asabar Falalu ya zo, wai ƙungiyar ta nemi sababbin hotuna. Tun daga bakin kasuwa ya hango gefen ledar yana kaɗawa, ya shigo ransa a ɓace.

"Leda a kan soron Madugu? Kina so su ce mun mai da shi rumfar mai shayi?"

Shi da kansa ya hau, da takalminsa na ofis, ya yaye ta ya wurgo ƙasa. Ya daɗe a bisa yana ɗaukar tsagar ta kowane gefe. Inna ta ji takun, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi, an hau. Amma yau Sidi bai yi kira ba."

Husaina ta gyara mata shimfiɗa.

Da Falalu ya sauko ya ce a ja gadon Inna zuwa tsakiyar ɗaki, daidai ƙarƙashin inda azara ta yi ciki. Ya gyara jeren tasoshin ruwa da ƙafarsa don su shiga hoton. Ya ce Husaina ta ɗaura wa Inna kallabi mai kyau. Ya durƙusa yana neman haske.

"Inna, ɗan ɗaga kai sama."

Tsohuwar ta ɗaga. Tana murmushi, don ta ɗauka ɗanta hoton tunawa yake so. Husaina ta fita tsakar gida ta tsaya ta ba ɗakin baya, ba abin da take so irin ta fizge salular nan ta jefa a randa. Da ya fito yana duba hotunan har wani daɗi yake ji.

"Wannan in sun gani ba su da ta cewa. Ki riƙe amana, saura kaɗan." Ya naɗe ledar ya sa a hammata ya tafi da ita.

Watan Agusta ya shigo da ruwa irin wanda Damargu ba ta cika gani ba. Manoma suna ta hamdala. A kan tulin ƙasar Husaina, wanda ruwa ya zaizaye ya baje, 'yan ƙwayoyin da suka rage a ƙaiƙayi suka tsiro, gero ya tashi kore shar. Kullum sai ta wuce shi in za ta madafa.

Ta gwada fito da Inna ƙarƙashin rumfar zana. Yini biyu suka yi a can, iska ta koro ruwa ta jiƙa shimfiɗa, tsohuwar ta kama tari mai sa haƙarƙari ciwo, tana roƙon a mai da ta ɗakinta. Husaina ta goya ta ta mayar. Wata safiya kuma ta ɗauki taɓarya ta tsaya gaban ƙofar turaka. Kwaɗon ƙarami ne, duka biyu sun ishe shi. Ta ɗaga taɓaryar, sai ta tuna jandarma, ta tuna in aka tafi da ita ba mai juya Inna, ba mai ba ta kunu. Ta sauke. Wannan sauke taɓaryar shi ne abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba.

Ranar Talata, kwana uku ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Bayan azahar Husaina ta fita madafa ɗora ruwan zafi. Ba wata ƙara mai girma ta ji ba, wani irin nishi ne, sannan rim. Da ta juyo, ƙura ce ke fitowa ta ƙofar ɗaki cikin ruwan sama.

Maƙwabta suka taru, Sidi na gaba, suna tono da hannu. Rabin rufin ne ya rufta. Azara ɗaya ta sauka a ƙugun Inna. An fito da ita da rai, an kai ta gidan likita a amalanke, aka ce ƙashin ya dagargaje kuma shekarunta ba za su ɗauki aikin tiyata ba. Kwana shida ta yi. Hankalinta yana zuwa yana komawa, kuma duk lokacin da ya dawo sai ta lalubi hannun Husaina.

"Ki ce wa Sidi ya hau. Ruwa ya kusa."

Falalu ya iso ranar jana'iza. Ya yi kuka sosai, kuma ba za a ce na ƙarya ba ne, uwarsa ce. A zaman makoki ya yi ta maimaita wa masu gaisuwa cewa wa'adi ne, ba mai tsallake shi. Bayan sadakar uku ya ɗauki hoton ɗakin da ya rufta, ya ce wa Husaina ta share gefen zaure ta riƙa kwana, kada gidan ya zama kango.

Masanan sun zo bayan an yanke gero. Su uku ne, shugabarsu wata mace ce 'yar Damagaram, Madam Asma'u, mai Hausa tsantsa a baki. Falalu ya sha babbar riga, Baffa Ahmadu ya zo, an kira Sidi. Husaina tana gefe a bakin madafa.

Madam Asma'u ta zagaya ɗakin da ya faɗi, ta ɗauki ɓaraguzai ta murza a hannu. Ta nuna gefen bangon da ya rage, inda yaɓen shekaru ya jeru ɗaya bisa ɗaya.

"Wannan gida ya samu hannu mai kyau. Kowace shekara ga shaidarta. To na bana fa? Me ya hana a yi yaɓe kafin damina?"

Sidi ne ya yi ƙarfin hali, ya ce, "Ai takardarku ce ta hana, Madam."

"Takardarmu? Siminti muka hana, da kwano, da rushewa. Yaɓen ƙasa kuwa mu muka roƙa a ci gaba da yi. Yana nan a shafi na farko. Da an yi shi, da rufin nan ya jira mu shekara biyar ma."

Husaina ta dafa bango. Ta dubi Falalu, shi kuwa ko gezau. Ya gyara wuyan riga, ya yi wani murmushin ban haƙuri.

"Kin san halin gida in mata ne kawai a ciki, Madam. Ni ina Damagaram bakin aiki. Na yi bayani, ba a fahimta ba. Sakaci ne, Allah ya riga ya ƙaddara."

Daga nan ya juya harshe zuwa Faransanci, ya ja su wajen turaka yana laluben makulli. Husaina ta taka gaba, bakinta a buɗe. Ga tulin ƙasarta nan da karan gero a kai, ga Sidi da ya ji komai da kunnensa. Baffa Ahmadu ya tare ta da sandarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Kul. A gaban baƙi? Ɗan'uwanki ne, ciki ɗaya. Magana ba za ta dawo da Tata ba. Ki rufa wa gidanku asiri."

Ta dubi Sidi. Sidi yana kallon yatsun ƙafarsa, aikin shekara guda na jiransa. Ta koma bakin madafa ta zauna.

An zaɓi gidan. An ce hotunan tsohuwar nan ƙarƙashin azara sun taɓa zuciyar duk wanda ya gani a Yamai. Za a gyara zaure da turaka, ɗakin da ya faɗi kuwa za a sake tayar da shi yadda yake, don baƙi su ga irin ɗakin matan da. An kafa ƙaramin allo na ƙarfe a bakin zaure. Mai shagon kusa ya karanta wa Husaina: sunan Madugu Ismail ne a sama, a ƙasa sunan jikansa Falalu, wanda ya kiyaye gadon kakanni.

Ba wanda ya kai ƙara, ba wanda aka tuhuma. Wa za a kai, a ce ya yi me? Bai daki kowa ba, bai kori kowa ba. Takarda kawai ya karanta yadda ta yi masa daɗi a gaban wadda ba ta iya karatu ba, dangi suka taya shi da a yi haƙuri, sauran aikin ruwan sama ya ƙarasa. Mutane suna wucewa ta bakin kasuwa suna yaba zanen zauren, suna cewa Allah ya yi wa Falalu albarka, da kowane gida da irinsa da garin nan bai rasa tarihinsa ba. Husaina tana jin su daga inda take kwana.

Da bazara ta zagayo aka sauke jar ƙasa mota guda. Ma'aikata suka tuge busasshen karan geron nan suka watsar, suka kwaɓa tasu a wurin. Kwana biyar ta yi a jiƙe. Ran na shida da hantsi Husaina tana tsakar gida tana wanke tasoshin da suka tari ruwa bara, sai ta ji an jingina tsani. Muryar Sidi ta tashi, ta ratsa unguwa kamar kowace shekara.

"Gafara dai maƙwabta, za a hau bisa!"

Hannunta ya tsaya cikin ruwan wanki. Ta ji takunsa, ta ji madaɓi ya fara bugu. Ta juya wajen filin da gadon yake a da, inda yanzu ba komai sai rana.

"An hau, Inna," ta ce.